Habsa Mai Sheƙa

A wani ƙauye na ƙasar Kurfai, tafiyar wuni ɗaya a kan jaki daga Filinge, an yi wata mace da ake kira Habsa mai sheƙa. Doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana. Tun tana 'yar shekara goma uwarta ta ɗora mata ƙwarya a hannu ta ce ta juya wa iska kafaɗa, ta zubo hatsi daga sama a hankali. Kafin ta yi aure babu wadda ta kai ta iya raba tsaba da ƙaiƙayi.

Mijinta Zaidu ya rasu ya bar ta da ɗiya guda, Samiratu, da wata 'yar gona a gefen fadama. Sai ta riƙe sussuka da sheƙa sana'a. Daga kaka har bazara tana masussuka, yau gidan wannan, gobe gidan wancan. Ta san iska kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Takan tsaya da hantsi ta saki ɗan ƙaiƙayi daga tafinta, ta ce wa mata, "Ku dakata, ba ta zamna ba tukuna." Su kuwa su dakata.

Tana kusan shekara hamsin tari ya kama ta. Ba kullum ba, sai ranakun da sama ta yi fari fat, rana ta koma kamar faifai, ƙura mai laushin gari ta kwanta a kan randa da gashin ido. Ta ɗora wa ƙaiƙayi laifi, ta riƙa ɗaure hanci da kallabi. Tarin bai bari ba. Shekara ta uku numfashinta ya fara kuka kamar ƙofar kwano.

Samiratu, wadda a lokacin tana aure a Sanam, ta zo ta kai ta gidan likita a Filinge. Majo Kabiru, babban ma'aikacin wurin, ya daɗe yana sauraron ƙirjinta, ya sa aka gwada majinarta.

"Inna, ba tarin huka mai yaɗuwa ba ne," ya ce. "Ƙaiƙayi ya yi nashi, amma babbar ɓarnar ta ƙurar nan ce. Ta fi gari laushi, tana shiga har inda tari ba ya iya fiddo ta."

"Ƙasarmu ce kenan ke ci na?"

"Ba ma taku ba ce duka. Daga can gabas take tasowa, cikin hamadar Cadi, inda wani babban tabki ya ƙafe tun zamanin da. Tana wuce mu, ta haye teku."

Habsa ta ce, "To mi na yi ma mutanen can?"

Ya ba ta maganin shaƙa, ya ce in sama ta yi fari ta shiga ɗaki, ta rufe ƙofa, ta rataya jiƙaƙƙen zane a taga. Masussuka kuma ta bar ta har abada.

Wannan ya fi tarin yi mata ciwo. Macen da ta yi rayuwarta a fili ta koma zaman ɗaki wata huɗu, wata biyar a shekara. Da fari mata kan zo bakin ƙofa su tambaye ta ko iskar yau za ta yi, ta saurari motsin zana ta ba su amsa. Daga baya injin sussuka ya shigo garin, aka daina zuwa. Da damina takan murmure, har ta yi shuka. Ruwa na ɗaukewa ta fara duban gabas.

Samiratu ta yi ta roƙon ta koma Sanam wurinta. Habsa ta ce, "Can babu sama ne?"

A shekararta ta ƙarshe maƙwabta suka sussuke mata hatsinta don Allah. Ta sa hannu cikin buhu ta ji ƙaiƙayi. Ta yi musu godiya, amma maƙwabciyarta Amina ta same ta tana share hawaye.

Wata safiya cikin bazara gari ya waye garau. Habsa ta fito da ƙoranta bayan gida, ta sheƙe ƙwarya huɗu, tana hutawa tsakani. Amina ta leƙo ta katanga.

"Iya Habsa, majo fa ya hana."

"Yau sama tas take, ɗiyata. Bar ni in ji iska."

Da azahar gabas ta yi ja. Kwana uku ƙura ba ta ɗaga ba, mutum ba ya hango rumbun gidansa. Maganin shaƙar ya daina yi mata aiki. Amina ta kira Samiratu a waya, ita kuwa ta rasa mota, don direbobi sun ce ba sa ganin hanya. Sai a rana ta uku ta samu mai babur ya kawo ta, fuskarta fari fat.

Ta tarar da uwarta a jingine da bango, don kwanciya ta gagare ta. Habsa ta dube ta, ta kai hannu ta share mata gira.

"Rufe hancinki," ta ce.

Kafin la'asar Habsa ta cika. Maza suka kai ta makwanci da rawuna a bakinsu, liman yana addu'a yana tari. Samiratu ta zauna har aka yi sadakar arba'in, sannan ta ba Amina makullin ɗakin, ta koma Sanam.