Hannun Yaya Sani da gaisuwar Nima

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Sani, mai ɗinkin hula a unguwar Nima, amma har yau in na tuna shi dariya ce ke riga hawaye zuwa.

Wata Babbar Sallah wuƙa ta zame masa wajen fiɗar rago, ta yanke jijiyoyin yatsu biyu na hannun dama, hannun da yake riƙe allura da shi. A asibiti aka yi masa aiki, aka ɗora yatsun kan wani ɗan ƙarfe, irin karan ɗorinsu na can, aka naɗe da bandeji. Likita ya ce kada kowa ya taɓa hannun, in ɗinkin ya tsinke, shi da allura sai kallo.

To, Yaya mutum ne da ba ya wuce ko ɗan yaye bai ba shi hannu ba, kuma a wurinsa miƙa hagu zagi ne. Juma'ar farko ya fita masallaci, wani amininsa ɗan dako daga unguwar Kotobabi ya cafke hannun da murna, ya girgiza har ƙarfen ya lanƙwashe. Muka koma asibiti a guje. Allah ya taimaka jijiyar ba ta tsinke ba, amma Yaya ya sha faɗan nas da yaren Twi.

Matarsa Memuna ce ta raba gardama. Ta ɗaure hannun a ƙirjinsa da ɗankwalinta, ta ce, “Maigida, mai son gaisuwa ya kama guiwar hannu. Wanda ya taɓa yatsa, ni da shi ne.” Haka dattawan layinmu suka yi ta kama masa guiwar hannu suna ƙunshe dariya, shi kuwa yana amsawa da fara'a kamar haka aka saba tun kakanni.

Yanzu samari daga tagar motar tasi suke ɗaga wa manya hannu. Da yana nan, na tabbata sai ya tsayar da motar.

Da aka cire ƙarfen, yatsun sun sandare, ya daɗe yana murza ƙullin garin masara kafin su lanƙwasu. Ranar da ya zura zare a allura da kansa, ni ne na yi kuka, shi yana yi mini tsiya. Hular farko da ya gama ni ya ba, zanenta ya ɗan karkace ta gefe guda. Yaya bai bar gadon gida ko shago ba. Hular nan ita nake sawa duk Sallah, kuma gefen da ya karkace nake juyowa gaba.