Kwandalar Burodin Kirsimeti

A bakin mai karɓar kuɗin wani kanti na fara jin sunansa, a garinmu Ruse. "Baba Stamen, yau ma ka zo zance wurin budurwar taka?" Injin ƙirga sulalla take nufi. Mahaifiyata Nedyalka ta dire kwando, ta figi hannuna muka fita. Ranar na san tana da yaya.

Direban jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya. A gidansu akwai kwandalar azurfa ta zamanin sarki, mai ɗan tsagi a baki, wadda ake cusawa cikin burodin jajibirin Kirsimeti tun kakanni. Wanda ta faɗo a rabonsa, shi ne da sa'ar shekara. Matarsa Velichka ce ke ajiye ta cikin tulun canji. Da ta rasu, Nedyalka ta je gyara masa gida, ta juye tulun a injin kantin, ta kawo masa takardun kuɗi tana murna. Ba ta san injin ba ya haɗiye azurfa ba. Tofar da ita yake a wani ɗan kwano can ƙasa, ita kuwa ba ta duƙa ba.

Kalma ɗaya ya ce mata, mai muni. Shekara goma sha ɗaya ba su sake gaisawa ba.

Kullum da safe yakan zaga kantuna biyar masu irin injin, ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo, ya zura yatsu biyu cikin kwanon. Ya ce abin da aka tsinta a inji, inji yake komawa. Ya tsinci maɓallai, kuɗin Turkiyya, haƙorin roba, wani lokaci har tsohuwar kwandala mai daraja. Masu tara tsofaffin kuɗi suka san shi, suna shakkar bakinsa. Ya taɓa korar wani daga teburin shan kofi don ya goge kwandala da toka.

"Kai, mahaukaci! Wa ya ce maka ana wanke wa tsoho fuska da yashi?"

Mutumin ya ce, "To Baba, taka da aka tsaga fa?"

"Waccan ba ta kasuwa ba ce, ta ci ce."

A ɓoye nake zuwa wurinsa, muna cin miyar wake. A gidanmu kuwa Mama ta daina sa komai a burodi. Mu dai mu gutsura, kowa idonsa a faranti.

Sanyin bara ya kwantar da shi. Na same shi ya rame, gefensa ga ƙunshin takarda da ƙaramin zarto. Kwandalar azurfa ce a ƙunshin, ta sarkin nan, sumul, babu tabo ko ɗaya. Duk abin da ya tsinta ya bayar aka ba shi ita.

"Kawu, ai ba ita ba ce."

"Na fi ki sani, 'yar nan. Waccan ta tafi." Ya turo min zarton. "Ni ba zan iya ba, raina ba zai bari ba. Ki tsaga ta nan, daidai ƙeyar sarkin. In na mutu ki kai wa uwarki, ki ce na tsinta a inji. Ki ce ta kwaɓa burodi."