Goro Uku a Bakin Likkafani

Jiya a unguwar Aziziyya da ke Makka wani alhaji ya ɓare goro kusa da ni. Ƙarar nan ta mayar da ni gidanmu na langa-langa a gefen Makka, shekarun babban yaƙi, lokacin da jiragen ruwa suka yi ƙaranci, goro ya ɓace a gari.

Kakata a ƙafa ta taho daga Kano ta Sudan. Ta jure yunwa, ta binne miji a hanya, amma rashin goro ya kayar da ita. Kanta ya riƙa sarawa, ta yi ta faɗa da kowa. Wata rana cikin tsananin zafi ta ji labarin wani baƙo mai sauran goro. Ta ɗauki likkafaninta da ta wanke da zamzam ta adana, ta fita. Ta dawo babu shi, sai goro uku, duk sun yi yaushi. Ta jera su a tabarma tana kallo, hawaye na zuba.

Maƙwabciyarmu tsohuwa ce Ba'indiya, a addinin Hindu aka haife ta, ta musulunta da aure. Da guntun Larabci suke hira da Kaka. Ta shigo aron turmi, ta tarar da ita haka, Kaka kuwa ba ta ɓoye mata komai ba.

"Ya Hajja," in ji ta, "uwata zaƙi ne ya kama ta, har rabon 'ya'yanta take cinyewa. Ta yi azumi, ta yi alwashi, duk a banza. Ranar da ta gaji, ta faɗi gaban abin bautarta ta ce, na kasa, ga ni, harshen ma naka ne. Daga nan kwaɗayin ya soma sakinta."

Kaka ta murtuke fuska. "Mai bautar gunki ce za ta koya mini miƙa wuya, ina maƙwabtaka da Ka'aba?"

"Abin da na gani na faɗa," tsohuwar ta ce, ta ɗauki turmin.

Kada ka ɗauka Kaka ta zubar da goron. Ta cinye su tas. Amma bayan nan, in ta yi sujada, sai in ji dogayen addu'o'inta sun koma kalma kaɗan: "Ya Allah, na kasa. Ga ni." Da jirage suka dawo aka kawo mata tsarabar goro, sai ta raba wa maƙwabta, fuskarta a sake. Da ta rasu, Ba'indiyar ce ta kawo likkafani.

Yau na girmi Kaka a shekaru. Ina zaune a unguwar Ka'akiyya, nan Makka, kantuna cike da duk abin da baki ke so. Likita ya hana ni sukari, ni kuma ina ɓoye alewa ƙarƙashin matashi, jikokina na kama ni. Na san abin da zan faɗa a sujada. Har yanzu dai bakina ne kawai ke faɗa.