Harsashin da Hajro Ya Rantse a Kansa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Hajrudin Sarač, mai zanen gine-gine, wanda mu mutanen garin Ilidža muke kira Hajro. Shekararsa tamanin da ɗaya. Shekara ashirin da bakwai ina yi masa aski, na san kan nan nasa fiye da matarsa. Cikin kan ne ashe ban sani ba.

Hajro, bayan yaƙi ka same mu muna kwana a tsohon gidan wanka, inda a da masu ciwon gaɓɓai ke zuwa jiƙa jiki a ruwan zafin da ke ɓulɓulowa daga ƙasa. Ka zana mana bene hawa uku, shaguna a ƙasa, gidaje a sama. Ka ce wanda ya taɓa rasa komai bai kamata ya kwana nesa da abin da ya rage masa ba. Ka sa matakala daga bayan shagona zuwa madafin matata Zejna, kofi yana iso ni da kumfarsa. Da ka ga Fadil mai burodi ya dawo daga yaƙin da ƙafa ɗaya, ka yage zanen, ka sauko masa da ɗakinsa kusa da tanda, ba ka gaya wa kowa dalili ba.

Sai harsashi. Wata biyu ka hana a zuba shi, wai ruwan garinmu mai farar wuta yana cin siminti, sai an kawo irin wanda ba ya ciwuwa. Ga sanyi na tahowa. Na ce, "Injiniya, gida muka roƙa, ba kabarin Fir'auna ba." Ka ce, "Ragib, riƙe almakashinka. Wallahi sai jikokin jikokinka sun gaji da ginin nan."

A watan Oktoban da ya wuce takarda ta zo daga hukuma: ruwa ya cinye harsashi, ginin haɗari ne, mu tashi kafin ƙarshen Maris. Masu otal da suka daɗe suna zagaya mu za su samu filin. A ƙasan takardar sa hannunka ne.

Bayan mako guda ka shigo aski. Na ɗaura maka tawul, na ce, "Hajro, yaushe ka yi mana ƙarya, wancan karon ko wannan?" Ka dubi madubi ka ce, "Rage gefen kaɗan, maƙwabci." Na rage. Ba ka sake dawowa ba. Na sauka ƙarƙashin ginin da guduma na ƙwanƙwasa bango lungu-lungu, amma ni wanzami ne, ban san me na ji ba.

A wurin jana'iza liman ya tambaye mu sau uku ko mun yafe maka. Fadil, wanda shi ma za a tasa, ya fi kowa ɗaga murya da cewa ya yafe. Ni sau biyu na yi shiru. A na uku bakina ya motsa, Allah ne kaɗai Ya san abin da ya fito.

Allah Ya jiƙanka, Hajro. Ya saka maka da ɗumin da muka kwana a cikinsa shekarun nan duka, Ya sassauta maka tambayar da ka ƙi amsa mini. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Munevera da 'yarka Senada, Allah Ya ba ku haƙuri.

Senada 'yata, in kin tarar da wani abu game da harsashin nan a takardun babanki, kawo mini, ko me ya ce. Shago yana buɗe har ƙarshen Maris.

Ragib mai aski, Ilidža