Inna ta turara min hoto

Na shigo gida riƙe da baƙar kwat ɗin da ƙawata ta ara min, sai na tarar da Inna ta kifa kwando a kan kaskon turaren wuta, ta baza shuɗiyar atamfarta a kai tana shan hayaƙi.

Hoton dosiye zan ɗauka, wato takardun neman gurbin ƙwarewa a fannin likitancin yara a Yawunde. Malaman da za su yi zaɓen ba su san ni ba, hoton nan za su fara gani. Abokan aikina duk sun ce kwat zan sa, wai ita ke nuna babbar likita.

Atamfar nan kuwa, ita ce a jikin Inna ranar da ta raka ni tasha zan tafi karatun likita. Ashe ta kai wa tela a Jambutu ya rage ta daidai jikina, ban sani ba.

Na ce, "Inna, hoto fa ba ya ƙamshi."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Su ba za su ji ba, amma ke za ki ji. In kina jin ƙamshin gidanku a jikinki, ba za ki sunkuyar da kai ba."

Na ajiye kwat. Na sa atamfar, na ɗora farar rigata ta asibiti a kai. Da na je ɗaukar hoton, mai hoton da kullum sai ya ce min "Dakta, ɗaga haɓa", yau ɗauka kawai ya yi, don kaina a ɗage yake.

Dosiye ya tafi. In sun ɗauke ni, 'yar Inna suka ɗauka.

Ku fa, wa ya shirya ku ranar da za ku fuskanci manya?