Goggon Magani da Lambobi Masu Taurin Kai

Goggon Magani ta ƙare ƙuruciyarta a bayan tagar ba da magani ta wani asibiti, tana jera ƙwayoyi a faranti. A nan ta lura cewa sha biyu na jeruwa layi-layi daidai wa daida, amma sha uku ko sha bakwai, duk yadda ka juya su sai an sami saura. Abin ya tsaya mata a rai. Da ta yi ritaya sai ta ɗaura aniyar sani: lambobin nan da ba sa rabuwa, suna ƙarewa ne ko ba su da iyaka?

Wani maƙwabci ya ce mata ai fanni ne guda, ilimin lambobi, ta nemi littafinsa. Nan wahala ta fara.

Mai kantin littattafai na bakin tasha ya miƙo mata na 'yan firamare, mai hoton ƙwallaye.

"Na jikanki ne, Hajiya?"

"Nawa ne!"

Ya ɗauka farashi take tambaya. Na kusa da shi kuwa rage murya ya yi, ya zaro mata littafin duba da lambobin sa'a. Ta ja tsaki ta fita. A laburare aka ce akwai guda ɗaya, amma wanda ya ara bai dawo da shi ba tun ma'aikacin bai yi gemu ba. 'Yar ƙanenta ta turo mata wani ta waya, kowane shafi sai marubucin ya ce "a bayyane yake".

"A bayyane ga uban wa?" in ji Goggo.

"Ke da Allah ya hutar, me ya yi zafi?" in ji maigidanta. Ko kallonsa ba ta yi ba.

A wurin mai baza tsofaffin littattafai a ƙasa ta dace, da wani da gara ta cinye wa bango. Marubucin na bayani a tsanake kamar mai lallashin yaro. Amsar tana ciki: lambobin ba sa ƙarewa, hujjar ko rabin shafi ba ta kai ba. Ta bi ta da fensir har ta gamsu.

Gaba kaɗan ya kawo zancen masu zuwa tagwaye, da tazarar biyu kacal a tsakani, irin sha bakwai da sha tara: su ma ba su da iyaka? Ya ce har yau babu wanda ya sani.

Goggo ta zare tabarau ta dangwarar a kan tebur, ta juya wajen maigidanta.

"Malam, ka ji fa! To duk shekarun nan me masanan suke yi?"