Fuskar Balki

Ɗiyata Balki ta rasu ba ta da hoto ko ɗaya, kuma har yau ban huce ba. Shekarar da gubar dalma ta shiga Tungar Guru, masu kyamara sun yi ta zuwa. Suka ɗauki ramukan zinare, suka ɗauki turamen dakan dutsen, ba wanda ya ɗauki yarinyar da ke goye a bayana. Yanzu fuskarta ta fara ɓace mini. Wushiryar na nan, idanun sun tafi.

Shi ya sa da na ga malamarmu ta ajin manya a Anka ta zana mace a allo, na tare ta. Ta miƙo mini fensir ta ce, "Inna, da layi da da'ira ake farawa." Na ce, "Fuska na zo nema, ba ƙwan zabi ba." Na koma gida na gwada da kaina. Abin da ya fito ya fi kama da akuya. Na yage takardar, na yi kuka kamar ranar da aka binne Balki.

Cikin kukan nan Kaka ta faɗo mini a rai. Muna yara, in an gama tuwo, takan tura kara cikin murhu ta ce, "Ku matso, wata ta iso. Wanda ya yi gyangyaɗi in toye mai ƙafa." Akwai tatsuniyar da take yawan ba mu, ta 'yan mata biyu da gulbi ya cinye uwarsu. Wata tsohuwar ruwa ta ce duk wadda ta zana uwar a bayan ƙwarya, za a maido mata ita yadda ta zana. Babbar ta zana nan take, aka maido mata wata halitta mai baki a kunne. Ƙaramar ta tara sakaina, damina guda tana jan layi, tana kewaya da'ira, gari na mata dariya.

Na ce, "Kaka, ba ta tsoron ta manta fuskar?"

"Tana tsoro mana, ja'ira. Amma hannunta bai san innarta ba tukuna, sai ta koya mai."

Da lokacin kaka ya yi, ƙaramar ta zana, uwar ta fito daga ruwa har da tabon goshinta.

Na san Balki ba za ta fito ba. Idanunta kawai nake so, kafin wushiryar ma ta bi su. Da gari ya waye na share tsakar gida, na karyo tsinke na durƙusa. Da'irar farko ta karkace. Na goge da tafin hannu, na sake.